Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Mu 'yan Azare da muka zo jami'a, akwai wata kunya da muka sha a aji wadda har yau ba ta sake mu ba. Wata rana malaminmu ya nemi kowa ya faɗi wurin tarihin da hukuma ta keɓe a ƙasarsu. Kanawa suka ce ganuwa da Gidan Makama, Katsinawa suka ce Gobarau. Da aka zo kanmu sai muka dubi juna, muka ambaci kabarin Tafawa Ɓalewa, wanda yake can Bauchi. Malam ya yi murmushi, ya ce, "To, Shira fa?"

Haƙiƙa ba mu sani ba. Ashe zane-zanen da ke jikin duwatsun Shira, na shanu da mutane, waɗanda magabata suka yi da jan launi, suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya take kula da su. Shira kuwa cikin masarautarmu take, kuma a kasuwar Azare muke cuɗanya da mutanenta.

Wannan kunya ce ta tura mu bincike, sai muka tarar jahilcin namu ya wuce nan. Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya sauka a birnin Katagum a 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, ya iske shi kewaye da ganuwa mai ƙofofi 4. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya rasu a Murmur cikin watan Janairu na wannan shekara. Bayan zuwan Turawa aka dawo da gadon sarauta Azare, aka bar tsohon birnin a bakin kogi. A yau Ƙaramar Hukumar Katagum a Azare take da mazauni, shi kuwa garin Katagum shi ne mazaunin Ƙaramar Hukumar Zaki. Mun ɗauko sunan mun taho da shi, mun bar garin a baya.

Abin da ya fi damun mu shi ne, ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayar kakanninmu inda ƙofofin nan huɗu suke ba. Mun zauna a gabansu muna sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, alhali tarihin yana bakinsu. Da yawansu yanzu ƙasa ta rufe idonsu.

Hukuma na iya rubuta sunan wuri a takarda, ta kafa masa allo. Amma ginin ƙasa damina ke cinsa, zanen dutse kuma yaro ɗaya da gawayi ya isa ya ɓata shi, in ba a gaya masa darajarsa ba. Wanda zai gaya masa kuwa ba daga Abuja zai zo ba.

Saboda haka muka yi alkawari, duk hutun da ya zo za mu je Shira da Katagum da littafi da alƙalami, mu durƙusa gaban dattawan da suka rage. Muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, kowa ya waiwayi garinsu tun masu amsa tambaya suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.