Jirgin ruwa a ƙasar da babu teku

Nijar ba ta da teku. Mu nan Magarya da Dungas, iyakar ruwanmu tafkin damina da fadamun Korama. Sai ga ƙanena direban Kwatano ya kawo mini jirgin ruwa na wasa cikin kwali: 'yan guntayen katako, zare, ƙyalle, da takardar bayani da Faransanci.

Gangar jikin liƙi ne kawai. Aikin yana wajen igiyoyi. Wasu sandar suke riƙewa, su ake fara ɗaurewa tamau, hagu da dama daidai, in ba haka ba ta karkace. Wasu na ɗaga ƙyallen ne ya tari iska, dole su zame kamar igiyar guga bisa itacen rijiya.

Yaron maƙwabcina, gwanin motar kara, ko kallon takardar bai yi ba. "Baba, kawo, yatsunka sun yi kauri." Kafin la'asar ya gama. Wannan yaron fa a lakwal daƙiƙi ake ce masa, ya maimaita CM1.

Jiya na samu ubansa da zancen kai shi CFM ya koyi kafinta. Ya ce a bari sai bayan girbi.