Samaru Ta Yi Rashin Uwa

Samaru gari ne da jami'a ta raina. Tun daga 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, titin Sakkwato ya raba wurin gida biyu: a hannu guda katangar makaranta da dogayen bishiyoyinta, a ɗaya hannun kuma kasuwa da shagunan buga takardu da gidajen haya da ɗalibai ke cunkushe a ciki. Masu rubuta tarihin jami'a a ɓangaren farko sukan tsaya. Amma duk wanda ya yi karatu a nan da ƙaramin aljihu ya san rabin rayuwarsa a tsallaken titi ya yi ta, domin a can abinci yake.

A wani lungu na bayan kasuwa akwai gidan abinci marar allo, wanda sai da ɗan jagora baƙo ke gano shi. Mai gidan ce Allah ya yi wa rasuwa a makon jiya, bayan gajeruwar jinya. Ba zan ambaci sunanta ba, domin iyalinta ba mutanen jarida ba ne. Mu dai Mama muke kiranta, 'yan kasuwa kuma su ce Hajiya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Wurin zaure ne da aka ƙara wa rumfar kwano, da bencina, da randa a bakin ƙofa. Aikin kuwa na gida ɗaya ne: 'ya'yanta mata ke tuƙi, ƙanenta ke kai niƙa da sayo itace, jikoki ke wanke-wanke in sun taso daga Islamiyya. Ita tana zaune kan kujera 'yar tsuguno da mara a hannu, babu malmalar da ke fita sai ta bi ta gabanta. Tuwon shinkafa da miyar taushe shi ne ya yi mata suna, amma ni a ganina gwanintarta tana cikin miyar kuka, wadda ba ta da kayan ɓoye aibi: in daddawa ta yi yawa ko ta gaza, harshe zai faɗa nan take. Ranar Juma'a takan yi faten tsaki da yakuwa. Ɗaliban Kano sukan shigo suna tsokanar Zage-zagi da cin fate, su ƙare da neman ƙari.

Abin da ya bambanta gidan da sauran shi ne wani littafi mai baƙin bango da take ajiyewa a ƙarƙashin kujerarta. Na san shi tun ina ɗalibi, domin sunana ya zauna a ciki har sai da alawus ɗin bautar ƙasa ya fitar da shi. Idan ta hango yaro yana wucewa da saurin da bai yi kama da na mai uzuri ba, sai ta ɗaga murya:

"Ɗana, ka ci abinci kuwa?"

"Mama, sai dai ƙarshen wata."

"Ƙarshen watan ne zai rubuta maka jarrabawar? Zo ka zauna."

Ba kyauta take yi ba, kuma na daɗe ina ganin hikimar hakan. Kyauta kan sa saurayi ya sunkuyar da kai, gobe ya sauya hanya. Bashi kuwa yana barinsa da mutuncinsa, ya ci ya sha ruwa, ya fita a matsayin mai ciniki.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada ta. A 2022 malaman jami'o'i mun shafe wata takwas muna yajin aiki, kuma duk ranar da ɗalibai suka watse, kasuwar Samaru takan mutu a tsaye. Mu muna lissafin albashin da aka riƙe, ita tana rage tukwane daga kan murhu ɗaya bayan ɗaya. Ana komawa aji sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayu, kwanon shinkafa da kwalbar manja suka yi tashin gwauron zabo. Takwarorinta da yawa sun ƙanƙance malmala suka bar farashi yadda yake. Ita ta zaɓi ƙara kuɗi, ta faɗa wa kowa da bakinta, domin ta ce ba za ta yi wa ciki ƙarya ba.

A zaman makoki na ga mutanen da na rabu da gani shekara ashirin: likitoci, lauyoyi, wani babban jami'i da ya zo da direba. An yi addu'o'i, an tuna da barkwancinta. Daga baya babbar 'yarta ta nuna mini littattafan, domin ashe ba ɗaya ba ne. Shafuka da yawa an ja musu layi, alamar an biya. Wasu kuwa suna nan yadda aka rubuta su, da sunan ɗalibi da sashen da ya karanta.

A nan nake son jan hankalin tsofaffin ɗaliban Samaru da ke karanta wannan shafi. Bashin da marigayiya take bi bai mutu da ita ba. Ya koma haƙƙin magada, kuma a cikinsu akwai marayun da take riƙo. Kuɗin da aka rubuta a lokacin yau ba zai sayi ko ledar ruwa da yawa ba, don haka mai hali ya dubi darajar abin da ya ci, kada ya tsaya kan lambar da ke takarda. Wanda ya manta lungun, kowane ɗan acaɓa a bakin kasuwa zai kai shi.

'Yar tata ta ce mini ba su yanke shawarar ci gaba da sana'ar ba. Kuɗin hayar zauren zai ƙare nan ba da jimawa ba, kuma tuni wani mai sayar da wayoyi ya yi wa mai gidan magana. Ta ce za su zauna da kawunsu bayan sadakar arba'in. Kafin nan, tukwanen suna kife a bayan rumfa.