Da Gida a Kan Mota da Kare a Gefe: Tafiya Bakin Tekun Northumberland

A ƙasar Ingila akwai wata irin mota wadda ake shirya cikinta kamar ɗaki. Bayan kujerar direba akwai gado, da ɗan tebur, da murhun gas, da tankin ruwa, har da ɗan makewayi. In nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba, mai lasin ƙaramar mota yana iya tuƙa ta. Mutane da yawa, musamman waɗanda suka huta da aiki, sukan saya ko su yi haya, su ɗauki karensu, su kama hanyar bakin teku. Abin da ke jan su shi ne, wai mai irin wannan mota ba shi da ubangida: inda ya ga dama nan zai tsaya, inda dare ya yi masa kuma nan ne gida. To, bari mu bi wata gaɓa guda ta ƙasar, mu gani ko haka abin yake.

Gaɓar da za mu bi tana cikin lardin Northumberland, a arewa maso gabashin Ingila, dab da iyakar Sikotilan. Daga garin Amble, inda kogin Coquet ya shiga teku, zuwa garin Berwick, wajen mil 40 ne. Tun shekarar 1958 hukuma ta keɓe wannan yanki domin a kiyaye kyansa. Akwai babbar hanya da ake kira A1 wadda ta bi ta cikin ƙasa, mai gaggawa kuwa zai gama da ita cikin sa'a guda da 'yan mintoci. Amma wanda yake so ya ga teku sai ya bi ƙananan hanyoyin ƙauye, waɗansunsu matsattsu ne har in manyan motoci biyu suka gamu dole ɗaya ta ja da baya. Mako guda ba ya yi wa wannan tafiya yawa. A watan Yuni rana takan fito wajen ƙarfe 4 da rabi na asuba, ba ta fāɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare.

Ubangida na fari da matafiyi zai gamu da shi yana cikin motar tare da shi, watau kare. A wurinmu aikin kare gadi ne da farauta, a waje kuma yake kwana. A Ingila kuwa ɗan gida ne, hukuma ma ta san da zamansa. Tun shekarar 2016 doka ta ce a sa wa kowane kare wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi in ya ɓace. Ƙa'idar hanya kuma ta ce a ɗaure shi ko a sa shi cikin keji sa'ad da mota take tafiya, don kada ya raba hankalin direba ko ya ji ciwo in an taka birki. Shi ne zai tashe ka da sassafe, shi ne zai sa ka tsaya a hanya domin ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. Ba a rufe shi cikin mota a rana, gama kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, zafin rufaffiyar mota kuwa yana iya kashe shi. Saboda haka duk inda aka hana kare shiga, sai ɗaya daga cikin matafiyan ya haƙura ya zauna da shi a waje.

In an bar Amble aka wuce Warkworth da Alnmouth, sai a kai Craster, wani ɗan ƙauyen masunta da ya yi suna wajen bandar kifi. Daga nan ana hango kangon wata babbar kagara ta dutse a kan tudu, ana ce da ita Dunstanburgh, wadda aka soma ginawa a 1313. Mota ba ta zuwa can. Sai a ajiye ta a taka da ƙafa, tafiyar mil guda da ɗan ɗoriya, ta cikin makiyaya. A nan ne matafiyi zai gamu da ubangida na biyu, watau masu ƙasa. Tumaki suna kiwo a kan hanyar, ba makiyayi tare da su. Karen da bai taɓa cizon kowa ba, in ya ga tunkiya ta ruga, sai jininsa na farauta ya motsa. Ko bai kama ta ba, gudun kaɗai yana iya sa mai ciki ta yi ɓari. Wata doka ta 1953 ta mai da wannan laifi a wuyan mai kare, wata kuma ta 1971 ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa sa'ad da ba wata hanyar tsai da shi. Don haka igiya ba ta barin hannu. Sai fa in shanu ne suka taso maka: a nan shawarar hukuma ita ce ka saki igiyar, gama kare ya fi ka gudu, shi kuma shanun suke nema.

Masu ƙasa ba manoma kaɗai ba ne. Mutanen ƙauyukan nan suna son baƙi, gama da su suke ciniki, amma ba sa son su farka su tarar da babbar mota ta tare musu ƙofa. Ba ko'ina ake yarda a kwana ba. Akwai filaye da aka shirya domin haka, inda ake biya a sami wuta da ruwa da wurin zubar da ƙazantar makewayi. Wanda ya zubar da ita a gefen hanya, ya ɓata sunan dukan masu zuwa bayansa.

Har tsuntsaye ma suna da rabonsu a ƙasar. Kusa da Beadnell akwai wani rairayi inda waɗansu fararen tsuntsayen teku masu dogon fiffike suke yin ƙwai a ƙasa, cikin yashi. Lokacin ƙyanƙyasa akan kewaye wurin da igiya, masu tsaro kuma suna roƙon kowa ya riƙe karensa kusa. Ɗaya daga cikin irin tsuntsayen nan, wadda masanan Jami'ar Newcastle suka ɗaura wa na'ura a tsibiran Farne a 2015, ta bi gaɓar Afirka ta Yamma ta gangara har ƙarshen duniya ta kudu, ta komo a 2016 bayan ta yi tafiyar kilomita wajen 96,000. Nauyinta kuwa wajen giram 100 ne kawai. Kare guda cikin minti guda yana iya watsa sheƙar da aka yi wannan doguwar tafiya dominta. Daga tashar Seahouses jiragen ruwa suna kai mutane tsibiran Farne su ga tsuntsaye da wata dabbar ruwa mai kama da ayu, amma ba a saukar da kare inda tsuntsayen suke sheƙa.

Gaba kaɗan sai Bamburgh, da kagararta a kan dutse, da farin rairayi mai faɗi inda kare zai yi gudu har ya gaji. A harabar majami'ar ƙauyen akwai kabarin wata budurwa, Grace Darling, 'yar mai tsaron hasumiyar fitila ta Longstone. Ran 7 ga Satumba, 1838, wani jirgi mai suna Forfarshire ya fashe a kan duwatsu cikin hadiri. Ita da mahaifinta suka tuƙa ɗan kwalekwale cikin raƙuman ruwa zuwa wurin, aka ceci mutum 9. Shekarunta 22 a lokacin, ta rasu kuwa a 1842 da ciwon tarin fuka. Labarinta yana shirya matafiyi domin gamuwa da ubangida na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi, watau teku.

Wanda ya girma nesa da teku zai so a yi masa bayani a nan. Ruwan teku ba ya zama wuri guda. Wata yana jansa, sai ya cika ya hau tudu, sa'an nan ya janye, sau biyu cikin yini da dare. Lokacin cikar kuma yana ja baya da wajen minti 50 kowace rana, don haka sa'ar da ta yi daidai jiya ba lalle ta yi daidai yau ba. Arewa da Bamburgh akwai tsibirin Lindisfarne, wanda ake kira Tsibiri Mai Tsarki. Hanyar motar da ke kai mutum can, wadda aka buɗe a 1954, a kan yashin teku take. In ruwa ya janye, hanya ce kamar kowace. In ya cika, sai ta nutse sarai. Hukumar lardin tana buga sa'o'in ƙetarewa na kowace rana, an kuma kafa su a bakin hanyar. Duk da haka kowace shekara sai an sami waɗanda suka ce za su yi sauri su wuce. Ruwan ba ya zuwa da ruri, a hankali yake malalowa daga gefe, kafin direba ya farga injin ya mutu. Saboda su aka gina wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya, inda mutum zai hau ya jira masu ceto. Mai mota mai ɗaki in ya yi wannan ganganci, gidansa ne dukansa zai bari cikin ruwan gishiri, ga kuma kare da zai ɗauka ya hau tsani da shi. Baƙo ko da idonsa makaho ne, sai ya karanta allon ya gaskata shi.

Wanda ya ƙetare a kan lokaci zai tarar da ɗan ƙauye mai mutane ƙasa da 200, da kangon wani tsohon gidan ibada. A shekara ta 635 Sarki Oswald na Bamburgh ya aika tsibirin Iona a kawo masa mai bishara, aka aiko masa da Aidan, wanda ya zauna a nan. Da fari Aidan bai iya harshen mutanen sosai ba, sai sarkin da kansa ya riƙa yi masa tafinta. Wajen shekara ta 700 aka rubuta Bishara huɗu da hannu a tsibirin, da ado mai ban mamaki. Daga baya wani ya rubuta fassarar Turancin dā a tsakanin layukan, ita ce kuwa fassarar Bishara mafi tsufa da ta rage cikin wannan harshe. Littafin yana Landan yanzu, a babban ɗakin karatu na ƙasa. A 793 mahara daga arewacin Turai suka zo ta teku suka washe wurin. Har wa yau akwai dogayen sanduna jere cikin yashi, suna nuna hanyar da masu ziyara suke bi da ƙafa.

Yawancin baƙi sukan yi ta duban agogo, su fice kafin ruwa ya rufe hanya. Waɗanda suka san wurin kuwa sukan zaɓi ranar da cikar za ta zo da tsakar rana, su bari a rufe su a ciki. Sa'an nan tsibirin yakan yi tsit, ba abin da ake ji sai iska da kukan tsuntsaye. Ba inda za ka, ba kuwa wanda zai zo. Sai ka dafa shayi, ka ba kare ruwa, ka jira sa'o'in nan har sandunan su sāke bayyana daga ƙasa, kwalta ta fito tana ƙyalli. Sa'an nan ne teku ta ba ka izinin kama hanyar Berwick.