Daga Damagaram zuwa Agadas, inda damana take gajiya

Mu biyar muka tashi daga tashar Damagaram da asuba, cikin watan Disamba, wakilan ƙungiyoyin asusu uku, za mu ziyarar ƴan uwanmu mata na Agadas. Kowacce da mayafi biyu da kwalbar man kaɗe. Ma'ajiyarmu, wadda muke ce ma Inna, ta riƙo littafin bashi cikin jakarta, wai ba ta barin shi gida. Mun san dalili. Damanar da ta wuce mun zuba kusan duk kuɗin akwati wajen rancen iri da taki bayan ruwan farko na watan Yuni. Aka yi shuka, ruwa ya ɗauke sama da kwana 20, shuka ta ƙone, aka sake wata. Har yau mata 7 ba su gama biya ba, kuma maganar ta fara shiga tsakanin maƙwabta.

Tafiyar wajen kilomita 450 ce. Har Tanut gonaki muke gani dama da hagu, karan hatsi a zube, rumbuna a bakin gari. Damargu ke nan, wadda iyayenmu suka sani da hatsi. Bayan Tanut kuwa gonaki suka riƙa raguwa har muka daina ganinsu. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma a wannan yanki, ta bar abin da ke arewa ga makiyaya. Gawo ya ɓace, sai aduwa da farar ƙaya da tumfafiya. A Adarbisanat muka sauka muka yi salla, muka sayi cuku hannun matan makiyaya. Hazo ya rufe ko'ina, rana kamar faifai, kana kallonta ba ta kashe maka ido.

Da yamma lis muka shiga Agadas, muka hango hasumiyar babban masallaci, mita 27, duk ta ƙasa. Ɗayarmu ta ce a garinsu damana uku za ta cinye irin wannan gini. Da dare kuwa muka sha mamaki. Garin da muke jin labarin zafinsa, sai ga mu muna rawar ɗari cikin mayafi biyu, har mai masaukinmu ta kawo mana kasko da garwashi.

Ɗiyarta, ɗaliba a jami'a, ita ta zauna da mu bakin kaskon. Ta ce sanyin da zafin duk abu ɗaya ke kawo su: sama ba girgije, iska ba laima. Da rana ba abin da ke tare rana, da dare kuma ba abin da ke riƙe zafin da ƙasa ta sha, sai ya tashi ya bar mutane. Sai ta ɗauki tsinke ta ja layi a rairayin tsakar gida.

Ta ce iska biyu ke rabon ƙasarmu. Ɗaya daga arewa maso gabas take zuwa, ta ratso hamada, busasshiya ƙayau. Ita ce hunturu, ita ke ɗauko mana hazo daga wajen Bilma da ƙasar Cadi, ita ke fasa mana leɓe da diddige. Ɗayar daga teku take tasowa, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Inda suka haɗu nan ne layin, kuma layin bin rana yake: daga bazara ya riƙa hawa arewa, cikin Agusta ya kai iyakarsa, sannan ya juya. Mu ko teku ba mu da shi. Daga bakin teku zuwa Damagaram kusan kilomita 1000, iskar kuma tana tafe tana zubar da kayanta a Benin da Najeriya. Gaya takan samu wajen milimita 800 a shekara, tun watan Mayu. Maraɗi da Damagaram 400 zuwa 500. Agadas 100 da ɗoriya, yawanci cikin Yuli da Agusta. Bilma ko 20 ba ta cika samu ba.

Inna ta ce, "Ke ɗiyata, tsaya. Tun ina yarinya hadari daga gabas yake taso mana, ke kuma kin ce ruwa daga kudu." Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Laimar ta ƙasa-ƙasa take shigowa daga kudu, amma can sama akwai wata iska mai tura hadarin daga gabas zuwa yamma." Ta ƙara da abin da ya sa muka yi shiru: a watan Yuni layin bai zauna ba, yana hawa yana komawa. Ruwan farko kan zo, layin ya ja baya, sai a yi makonni ba ɗigo. Ashe abin da ya same mu ke nan. Mu da muka yi ta zargin juna da rashin sa'a.

Kashegari aka kai mu gaɓar Telwa, ƙoramar da ke gangarowa daga duwatsun Abzin. Rairayi ne zalla, yara na wasa a ciki. Amma ita ce a farkon Satumba 2009 ta cika ta fasa, ta rushe dubban gidaje a Agadas. Duwatsun ne ke jan hadari, dutsen Bagzam ya haura mita 2000, kuma ruwan da ya faɗi kan dutse ba ya tsayawa. Sai dai abin da ya nutse cikin rairayin bai ɓata ba. Shi ake ja da rijiya, da can da raƙumi ko sa, yanzu da inji. Muka ga lambuna kore shar a tsakiyar ƙasar da ba ta noman hatsi. A kasuwa ga lemu da rumman na Timiya, ga buhunan albasar Tabelot ana lodi zuwa kudu, a lokacin da ta Galmi ba ta fito ba, kuɗinta na da kyau.

A taron da muka yi da matan, shugabarsu ta karɓi littafin Inna ta duba, ta ce, "Yaya, ku a kan girgije kuka ba da bashi. Mu nan ba mu isa ba." Su rancensu ƙanana ne, na wata biyu ko uku, a kan saƙar tabarma, aikin fata, sarin albasa, ko akuya. Mai lambu ma sai an tambayi zurfin rijiyarta. Kuma ba su taɓa fidda duk abin da ke cikin akwati a wata ɗaya. Ba mu ce komai nasu ya dace da mu ba. Su ba su da gona, hatsin ma daga wajenmu suke saye, kuma in damana ta ƙi mana, tiyarsu ce ke tsada.

A hanyar komowa, tun kafin Tanut, Inna ta buɗe littafin a cinyarta. Shawararta ita ce baɗi a raba kuɗin shuka biyu: rabi a Yuni, rabi a ajiye har ruwa ya zauna cikin Yuli, don wadda shukarta ta ƙone ta samu na sake iri. Ƙaramarmu ta ce, "Inna, wadda ba ta samu a Yuni ba fa, mijinta zai jira Yuli?" Aka yi ta ja har muka fara ganin rumbuna. Mun dai tsai da cewa ranar zubi mai zuwa za a kai maganar gaban kowa, kuma matan nan 7 su za a fara ji.