Dutsen Kamaru bai san girman kowa ba



Mu mutanen Nijar akwai abin da muke taƙama da shi, wato jimiri. Mun saba da ranar watan Afrilu, mun saba da azumi cikin zafi, mun saba da tafiyar kwana da wuni bisa babbar mota daga Damagaram zuwa Agadas. In ka ce ma ɗan Nijar abu kaza da wuya, sai ya yi dariya ya ce: “Mu da munka ga hamada?” To akwai wurin da wannan taƙamar ba ta ci, kuma labarinsa muke son ba ku, musamman ƴan kasuwarmu da ɗalibanmu mazauna Duwala, waɗanda in gari ya washe suke hango shi daga nesa suna cewa wata rana sai sun hau.

Dutsen Kamaru muke nufi. Yana kudu maso yammacin ƙasar, bakin teku, garin Buya na zaune a gindinsa. Tsawonsa kimanin mita 4040 ne, wato ninki biyu na Bagazam, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu da mita 2022. Dutse ne mai aman wuta, kuma har yanzu da ransa. Ya yi amai a 1982, ya sake a 1999 da 2000. A na 1999, narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota da ke bin gaɓar teku daga Limbe, kusa da ƙauyen Bakingili. Tun 2009 gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa mai kariya, ba a shiga sai da takarda da mai jagora.

Mu bakwai munka tafi, cikin rani: ƴan kasuwa biyar, ɗalibai biyu. Babbanmu wani Alhaji ne da ya doshi shekara sittin, mutum mai ƙarfi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kora shanu a ƙasa. Shi ya biya motar da ta kai mu Buya, shi ya biya rabin kuɗin masu ɗaukar kaya. Mai jagoranmu kuwa yaro ne ɗan ƙabilar Bakweri, masu dutsen, bai fi sa'ar ɗan Alhaji na uku ba. Turancinsu na kasuwa yake yi, mu kuma Hausa da Faransanci, sai wani ɗan uwa Bahaushe haifaffen Buya ya riƙa yi mana tafinta.

Farkon tafiya daɗi gare shi. Daga gonakin saman gari sai kurmi, itatuwa dogaye, inuwa, ƙasa baƙa mai laushi. Mu da munka san yashin Maraɗi, har tsayawa muke muna damƙar ƙasar nan da hannu. Tokar dutsen ce ta mai da ta haka, shi ya sa mutane ba su barin gindinsa duk da sun san abin da ke cikinsa. A ɓangarensa na yamma, wajen Debunca, ruwan sama na kai milimita 10000 a shekara. Maraɗi in ta samu 500 sai a ce damana ta yi.

Bayan bukka ta farko, wajen mita 1850, kurmi ya ƙare tamkar an yanke shi da wuƙa. Daga nan sai ciyawa da baƙin dutse, hanya kuma ta miƙe tsaye. Babu kwana-kwana, sama kawai. Wani wuri sai ka haɗa da hannu, dutsen kuwa kaifi gare shi kamar fasasshen kwalba. Ka yi taku goma ka tsaya, zuciya na bugawa har cikin kunne. Abin mamaki, dutsen da ke shan ruwan sama haka, samansa ƙishirwa ce, don ƙasar duk huji ce, ruwa na sauka yake nutsewa. Ruwan da munka sha, a kai masu kayanmu sunka hau da shi. Da lokacin salla ya yi, taimama munka yi.

Mun kwana bukka ta biyu, wajen mita 2850. Sanyin daren nan ya fi na hunturun Tawa, ga iska mai ratsa bargo. Da asuba munka tashi, munka kama hanyar bukka ta uku. Tun a hanya Alhaji ya daina magana. Da munka isa, sai ciwon kai, sai amai. Ya ce ba komi, shayin safe ne bai karɓe shi ba.

Mai jagora ya dube shi, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce ya bi layin, ƙafa gaban ƙafa. Alhaji ya yi taku uku ya yi tangaɗi. Yaron ya ce ma tafinta: “Gaya ma Papa nan ya tsaya. Ƙasa za ya koma, yanzu.”

Alhaji ya fusata. Ya ce: “Kai yaro, na yi tafiyar kwana ashirin bayan shanu tun ba a haife ka ba. Ga kan dutsen can ina gani.” Gaskiya ne kuwa, abin da ya rage bai wuce hawan mita 300 ba. Ya juyo gare mu yana jiran mu goya masa baya. Ku da kanku kun san nauyin wannan a wurinmu: dattijo, mai gida, wanda ya biya mota. Wa zai buɗe baki?

Yaron bai ɗaga murya ba. Ya ce in Papa ya ƙara taku ɗaya sama, shi ya ajiye aiki, kowa ya sauka. Sai ƙaramin cikinmu, ɗalibi mai karatun aikin jinya, ya durƙusa ya ce: “Baba Alhaji, don Allah ku yi haƙuri. Wannan ba gajiya ba ce. Iskar nan sama ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda kuka saba shaƙa ba. Tangaɗin nan alama ce abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa guda ne, sauka. Ni zan raka ku.”

Alhaji ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya ce: “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ya miƙa mana ƴar tutar Nijar da ya zo da ita cikin aljihu, ya juya tare da ɗalibin da mai kaya guda.

Mu da munka rage mun kai. Can sama babu ciyawa ko ɗaya, sai baƙin tsakuwa, da ramukan tsohon amai, da gajimare a ƙarƙashin ƙafarmu. Iska ba ta bar mu mun yi minti goma sha biyar ba. Munka ɗaga tuta, munka yi hamdala, munka juyo. Saukar ta fi cin gwiwa, tsakuwa na zamewa, kowa sai da ya zauna ba shiri. A bukka ta biyu munka tarar da Alhaji zaune da kofin shayi, ciwon kai ya tafi. Da munka iso Buya, shi da kansa ya kira yaron gefe ya ƙara masa kuɗi bisa ladarsa, ya ce ma tafinta: “Gaya masa ubansa ya haifu.”

Mutanen wurin sun san dutsensu. Tun 1973 ake tseren hawansa, daga cikin Buya zuwa ƙololuwa a dawo, kimanin kilomita 38, gwanaye na gamawa cikin awa huɗu da rabi, abin da ya ci mana kwana biyu. Wata mata, Sarah Etonge, sau bakwai tana lashe na mata. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ciwon sama bai duba ƙarfi ko shekaru, yana kama ƙato ya bar siriri, kuma mai jagora ya sha ganinsa a fuskar mutane kafin su ji shi a jikinsu.

Don haka mai niyyar zuwa, ga abin da muke gani. Ku tafi da rani, tsakanin Nuwamba da Maris. Ku tambayi ƴan uwa mazauna Buya halin tsaro kafin ku kama hanya, don yankin na cikin rikici tun 2016, kuma ranar Litinin ba ranar tafiya ba ce a can. Ku nemi takalmi mai ƙarfi, rigar sanyi ta gaske, da ruwa isasshe. Kada ku matse ladar masu ɗaukar kaya. Sannan tun a ƙasa, kafin a taka dutse, ku zauna ku yi yarjejeniya, babba da yaro, cewa in mai jagora ya ce a juya, an juya. Mu ɗalibi guda Allah ya ba mu da ya iya faɗa ma dattijo gaskiya cikin ladabi, ba kowane ayari ke samun irinsa ba.

Allah ya tsare matafiyanmu duk inda suke, ya maido kowa gida lafiya. Amin.