Hular Kwanon Kawu

Har yau hular kwanon kawuna tana rataye a ƙusa a zauren gidanmu na Katsina, rana da ƙura sun cinye launinta. Da ita yake zuwa aiki kamfanin mulmula ƙarafa. Mu yara, idan ya dawo da yamma, rige-rigen karɓarta muke yi, wanda ya riga ya kifa ta a kai ya yi ta taƙama.

Zamanin Shagari ne. A 1982 aka buɗe masana'antar ƙarfe ta Aladja, can kusa da Warri, ita ke narkawa ta zuba sanduna, manyan motoci su kwaso su zuwa Katsina da Jos da Osogbo a mulmula su zama rodi. Masana'antar Ajaokuta kuma, wadda Tarayyar Sobiyet ke ginawa a bakin Kogin Kwara, aka ce idan ta tashi, tama daga Itakpe za ta ci. Kawu yakan zana mana duk wannan a ƙasa da tsinke, kai ka ce shi ya tsara.

Ranar albashi kuwa unguwa ta sani. Mai tsire ya sani, tela ya sani, har mai bin bashin goro. Ma'aikacin kamfani ba ya neman aure sau biyu a gida ɗaya.

Ajaokuta ba ta tashi ba. Sanduna suka rage zuwa daga kudu, aiki ya koma yau akwai gobe babu, zamanin Obasanjo aka sayar wa 'yan kasuwa da kamfanin. Kawu ya koma gona. Yanzu Sin kaɗai ke narka fiye da rabin ƙarfen duniya. Namu kuma yawanci tsohon ƙarfe ne da ake narkawa wajen Ikorodu da Ogijo. Masu tara shi 'ya'yanmu ne, 'yan gwangwan, da amalanke da maganaɗisu ɗaure a igiya. Dā sanduna ke hawowa arewa, yau tarkace ke gangarawa kudu.

Bara wani yaro ya tsaya ƙofar gida yana sayen ƙarafa. Kawu ya zaro guntun rodi daga amalankensa, ya shafa tsatsar da yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"Samari, wannan namu ne, mu muka mulmula shi."

"To Baba, Allah ya ƙara lafiya," in ji yaron. Ya karɓa da hannu biyu, ya mayar cikin tarkacen, ya ci gaba da turawa.