Cinikin Kangon da Ba a Gani

Mu bakwai ne, 'ya'yan unguwa ɗaya a Shadawanka cikin garin Bauchi, inda muka tashi muna jin begilar barikin soja kowace safiya. Iyayenmu mata sun daɗe da haɗa kai suna matsar man gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli, ana kai musu kasuwar Muda Lawal da ta Wunti. Da muka shiga jami'a idonmu ya buɗe, sai muka yi shawarar buɗe musu shafi a intanet da sunan da aka san sana'arsu da shi, domin Hausawa mazauna Legas da Abuja su riƙa yin oda. Suka amince, har suka ware mana kwasar adashi guda.

Ranar da muka je yin rajista sai muka tarar wani ya riga mu. Sunan nan namu, da wutsiyar .com, yana hannun wani mutum a wata ƙasa mai nisa, bai gina kome a kansa ba, illa sanarwar cewa na sayarwa ne. A nan muka fara fahimtar cewa adireshin intanet tamkar fili yake. Tun da aka yi rajistar na farko mai wutsiyar .com a shekarar 1985, ƙa'idar ita ce wanda ya riga shi ke riƙewa, muddin yana biyan kuɗin shekara, wanda bai cika kai dala 20 ba. Riƙo ne dai, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar ƙasa a hannun gwamna, mai fili kuwa takardar izinin zama yake da ita.

Saboda ɗoki irin na yara, muka rubuta wa mutumin doguwar wasiƙa. Muka ba shi tarihin iyayenmu, muka gaya masa har mun buga sunan a jikin ledoji dubu biyu. Amsarsa layi ɗaya ce: dala 3,000. Muka fusata, muka kira shi ɓarawon zaune, muka ce ƙara za mu kai. Bincike ya sanyaya mana jiki. Tsarin sasanta irin wannan rikici da hukumar ICANN ta kafa a 1999 yana buƙatar mai ƙara ya nuna haƙƙinsa a kan sunan a matsayin tambarin kasuwanci, ya kuma tabbatar da cewa an riƙe shi da mugun nufi. Mutumin kuwa bai taɓa jin labarin Shadawanka ba, balle ƙuliƙulinmu, kuma kuɗin shigar da ƙarar kaɗai dala 1,500 ne.

Muka kwashi kukanmu muka kai wa Baffa, ƙanen mahaifin uku daga cikinmu, wanda ya tsufa a dillancin filaye. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Ku yaran nan, kun shiga kara kun rungume wuyan sa kafin ku tambayi kuɗinsa, me kuke so mai sa ya ce?" Muka ce, "Amma Baffa, ai zalunci ne mutum ya riƙe abin da ba ya amfani da shi." Ya ce, "To, filin babanku na hanyar Dass fa? Shekara goma sha ɗaya yana kewaye, ciyawa kawai ke kwana a ciki, ana jiran ya yi daraja. Laifi tudu ne." Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu.

Baffa bai san kwamfuta ba, amma ya san kima, don haka ya sa mu lissafi uku. Na farko, abin da mai sunan ya kashe: shekara shida yana biyan kuɗin riƙo, wanda duka bai wuce dala 120 ba. Na biyu, masu neman sunan in ban da mu. Gaskiya ne an sayar da voice.com a kan dala miliyan 30 a shekarar 2019, amma wannan kalma ce guda da duniya ke rububi, namu kuwa kalmomi biyu ne na Hausa da babu mai taya su sai mu. Na uku, abin da za mu yi idan ciniki ya ƙi. Nan take muka yi rajistar sunan da wutsiyar .com.ng, wadda ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, take kula da ita, a kan 'yan dubban nairori. Daga ranar muka zama masu iya juya baya, iyayenmu kuma suka yanka mana iyakar da ba za mu tsallake ba.

Muka taya dala 200, a wasiƙa mai layi biyu, cikin ladabi. Ya ce albarka. Muka yi shiru mako uku, kullum hannunmu na ƙaiƙayi, Baffa na hana mu. Shi da kansa ya dawo da 1,200. Muka ce 350, muka kuma sanar da shi cewa shafinmu ya riga ya fara aiki da wani adireshin. Bayan kai da komo ya sallama a 500. Wasu cikinmu suka so a ƙara matsa shi, sai Baffa ya ce cinikin da aka tashi ɗaya na cizon yatsa ba ya yin albarka. Kuɗin ma ba mu aika masa kai tsaye ba. Mun ajiye su a hannun wani kamfani mai riƙon amana har sai da sunan ya dawo hannunmu, muka raba la'ada biyu tsakaninmu da shi.

Da muka kai wa Inna labari ta ce a nuna mata abin da aka saya da adashinsu. Muka nuna mata 'yan haruffa a fuskar waya. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta tambaya ko shi mai sayarwar ya rabu da mu da daɗin rai. Muka ce ya yi godiya. Ta ce, "To, Allah ya sa albarka."

Bayan wata biyu wani malamin firamare mai 'ya'ya biyar ya zo taya filin hanyar Dass, ya zauna a kan tabarma ya zayyana wa babanmu duk halin da yake ciki na gidan haya. Mu da ke zaure muka dubi juna, Baffa kuwa ya dube mu.